Idan kwamfuta ta sandare, ta ina ake fara neman laifin?

Babu ɗalibin da ya taɓa riƙe waya ko ya zauna gaban kwamfuta a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, da bai san abin nan da matasa ke kira "hukin" ba. Ana cikin rubutu ko kallo sai komai ya tsaya cik. A danna nan, a danna can, shiru. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu danne maɓallin kashewa har na'urar ta mutu, mu sake kunnawa, mu ci gaba da harkarmu. Idan abin ya yawaita sai a kai wa mai gyara a kasuwa, shi kuma ya ce sai an yi "filashin", wato a share komai a zuba sabo. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma bayan kwana uku ciwon ya dawo, ga hotuna da takardun karatu sun tafi a banza.

To, akwai wasu mutane a duniya da ke son kwamfuta ta sandare a gabansu. Da gangan suke ɗora mata manhajar da ba a gama gwadawa ba, su jira ta tsaya, sannan su bi sawun abin da ya tsayar da ita. Burinsu shi ne laifin ya bayyana a kan teburinsu kafin ya iso hannunku. Yadda suke wannan bincike ne muke son mu duba a wannan mako, domin hanyar tasu tana da amfani ko ga wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba.

Ƙwayar da ke cikin ɓawo

Kowace waya ko kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Android. A can cikin wannan manhaja akwai wani sashe da Turawa ke kira kanel, ma'anar kalmar ita ce ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. Ba a ganin kanel a fuskar na'ura, amma shi ke raba aiki. Shi ke yanke hukuncin wace manhaja za ta yi amfani da ƙwaƙwalwar na'ura a wannan daƙiƙa, wace ce za ta jira. Shi ke ba kowacce wurin ajiye bayananta, shi ke magana da madannai da kyamara da batir da wayifai. Idan WhatsApp ya samu matsala, kanel zai iya rufe shi, sauran abubuwa su ci gaba da aiki. Amma idan kanel ɗin ne da kansa ya samu matsala, babu wani na sama da shi da zai kawo ɗauki. Komai sai ya tsaya.

Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yuli, 2024. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wani ɗan sabon gyara ga manhajarsa, wadda ke aiki a cikin kanel na Windows. Gyaran yana da kuskure. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 ne suka durƙushe. An soke tashin dubban jiragen sama, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama.

Mu ma nan gida mun san zafin irin wannan. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, ya ce ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas za su sake jarrabawa, saboda wani gyaran manhaja da bai hau daidai ba a kan wasu kwamfutocin da ke raba tambayoyi. Wannan ba laifin kanel ba ne, amma ɗan uwansa ne na jini: an canza wani abu, ba a tabbatar ya zauna daidai ko'ina ba, sai ya faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ku da za ku zauna gaban kwamfuta ku rubuta wannan jarrabawa nan ba da daɗewa ba, kun ga ke nan maganar gwaji ba ta nesa da ku.

Kanel ɗin da aka fi sanin yadda ake gwada shi shi ne Linux, domin a fili ake aikinsa, kowa na iya gani. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991, yana ɗan shekara 21. A lokacin layukansa ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba. Yau sun haura miliyan 30. Duk wata waya mai Android, ko Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, Linux ne a cikinta. Haka nan manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya, tun daga ƙarshen 2017 dukkansu da shi suke aiki.

Kusan duk bayan mako tara ko goma ake fitar da sabon zubin Linux. Makonni biyun farko na karɓar sababbin gyare-gyare ne daga masu rubuta manhaja na ƙasashe daban-daban, kuma yawanci sukan haura dubu goma. Daga nan sai a rufe ƙofa, Torvalds ya fitar da zubin gwaji na farko, wanda ake wa laƙabi da rc1. Kowane mako, galibi ranar Lahadi, sai wani ya biyo baya, rc2, rc3, har zuwa na bakwai, wani lokaci na takwas. A waɗannan makonni ne masu gwaji ke ɗora shi a kan na'urorinsu don su ga me ya lalace. Torvalds yana da wata doka da ba ya wasa da ita: abin da yake aiki jiya bai kamata sabon gyara ya hana shi aiki yau ba. Idan aka tabbatar wani gyara ne ya jawo haka, kuma ba a samu maganinsa da wuri ba, cire shi ake yi.

Mara lafiyar da ba ya magana

A cikin duk matsalolin da mai gwaji ke gamuwa da su, sandarewa ta fi ban haushi. Idan kanel ya gane cewa ya yi kuskuren da ba zai iya ci gaba ba, yakan rubuta bayani a fuskar na'ura kafin ya tsaya, ya faɗi inda ya yi tuntuɓe. Wannan da sauƙi. Amma a sandarewa sau da yawa ba ya cewa komai.

Me ke jawo ta? Ɗaya daga cikin sanannun dalilai shi ne abin da kuke gani ranar kasuwa a Jega, idan motoci biyu suka yi gaba da gaba a ƙaramar hanya, kowane direba yana jiran ɗayan ya ja da baya. A cikin kanel ma sassa biyu na iya yin haka. Na farko ya riƙe wani abu yana jiran wanda ke hannun na biyu, na biyun kuma ya riƙe nasa yana jiran na farko ya saki. Babu wanda ya mutu, amma babu mai motsi. Wani dalilin kuma shi ne wani sashe ya shiga zagaye yana maimaita aiki ɗaya ba iyaka, ya toshe kunnensa daga duk wani kira.

Aliero ta yi suna da masu ɗori, kuma duk wanda ya taɓa raka mai karaya wurinsu ya san ba a kama ƙafa a fara ja haka kawai. Sai an tambayi yadda aka faɗi, an lalubi wurin, an ji inda ciwon yake. Mai binciken sandarewa ma da tambayoyi yake farawa. Me ake yi lokacin da ta tsaya? Kullum a wuri ɗaya take tsayawa, ko yadda ta ga dama? Bayan an tashe ta daga barci ne, ko lokacin da aka jona filas?

Sai kuma lalube. Na farko shi ne maɓallin Caps Lock. A danna shi a duba ɗan fitilarsa. Idan tana kunnuwa tana mutuwa yadda aka saba, akwai alamar kanel yana da rai, watakila sashen da ke zana hoto a fuska ne kawai ya maƙale. Idan ba ta motsa ba, abin ya yi zurfi. Idan kuwa ita kaɗai take ƙyaftawa ba wanda ya taɓa ta, a Linux wannan alama ce cewa kanel ya gane ya faɗi, ya kuma tsayar da kansa. Akwai kuma wani maɓalli mai suna SysRq, wanda a kwamfutoci da yawa yake haɗe da PrtSc, kuma da wuya ka ga wanda ya taɓa amfani da shi. A Linux, idan an ba shi izini tun farko, haɗa shi da Alt da wani harafi yana aika saƙo kai tsaye ga kanel. Harafin w yana sa ya lissafa ayyukan da suka maƙale, s yana sa ya adana abin da bai gama rubutawa ba, b kuma ya sake kunna na'urar.

Kanel yana da littafin da yake rubuta duk abin da ke faruwa da shi. Bayan an sake kunnawa, a yawancin nau'o'in Linux na yanzu umarnin journalctl -b -1 yana nuna abin da aka rubuta a zaman da ya gabata, kuma layukan ƙarshe su ake fara dubawa. Har ma akwai wani ɗan mai gadi a cikin kanel da ke ƙorafi a wannan littafi idan wani aiki ya riƙe ƙwaƙwalwar na'ura sama da daƙiƙa 20 bai saki ba. Matsalar ita ce, idan sandarewar mai tsanani ce, kanel ba ya samun damar adana kalamansa na ƙarshe, waɗanda kuwa su aka fi buƙata. Dabarar da ake yi ita ce a jona kwamfuta ta biyu da waya, a sa ta farko ta riƙa tura mata kowane layi nan take. Idan ta farkon ta tsaya, abin da ta faɗa na ƙarshe yana nan a wurin maƙwabciyarta. Wanda ba shi da ta biyu, idan wani rubutu ya fito a fuska, sai ya ɗauki hotonsa da waya. Masu gyaran kanel suna karɓar irin wannan hoto.

Kafin a ɗora wa kanel laifi

A nan yankinmu dole mu ƙara wani mataki da mai gwaji a Helsinki ba zai damu da shi sosai ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta. Wuta tana rawa tsakanin ta NEPA da ta janareta. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da shagunan buga takardu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso mu. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya tsayar da na'ura ba tare da manhaja ta yi laifin komai ba. Akwai manhajar kyauta mai suna Memtest86+ da ke gwada lafiyar ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Ana barin ta ta yi awoyi tana aiki, idan wuta ta bari.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a koma tsohon kanel. Linux yakan ajiye zubin baya, kuma ana iya zaɓarsa a jerin da ke fitowa lokacin kunnawa. Idan da tsohon ma tana sandarewa, to a koma kan fanka da ram da caja. Idan kuwa da tsohon lafiya lau, da sabon kuma tana tsayawa, an samu bakin zaren: laifin yana cikin gyare-gyaren da suka shiga tsakanin biyun. Sai dai fa sun haura dubu goma. Wanne ne?

Daga Aliero zuwa Maiyama

Ku ɗauka wata mota ta yi lodin albasa a Aliero ta nufi kudu. Da ta tashi buhuna sun cika. Da ta isa Maiyama aka ƙirga, babu ɗaya. Yaron mota zai iya bin hanya da ƙafa tun daga Aliero yana duba kowane rami. Amma idan yana da wayo, sai ya kira wanda ya ga motar a Jega ya tambaye shi, da ta wuce ku buhunan sun cika? Idan ya ce sun cika, an huta da duk hanyar Aliero zuwa Jega. Sai a nemi wani ƙauye a tsakiyar Jega da Maiyama a sake tambaya. Kowace tambaya ɗaya tana zubar da rabin hanyar da ta rage.

Haka ake yi wa kanel. A 2005 Torvalds ya rubuta wata manhaja mai suna Git da ke ajiye kowane gyara a jere, da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi. A cikinta akwai umarnin git bisect. Mai bincike zai gaya mata zubin da ya san lafiyarsa ƙalau da wanda ya san yana sandarewa. Ita kuma sai ta zaɓo masa na tsakiya. Ya harhaɗa shi, ya kunna na'ura da shi, ya jira. Idan bai tsaya ba ya ce mata wannan mai kyau ne, idan ya tsaya ya ce marar kyau ne. Sai ta sake zaɓo tsakiyar abin da ya rage.

Masu son lissafi su ɗauki biro. A ce gyare-gyaren 16,000 ne. Gwajin farko ya bar 8,000, na biyu 4,000, na uku 2,000, na huɗu 1,000. Ku ci gaba da rabawa biyu, za ku ga cewa a gwaji na 14 saura ɗaya tak, domin 2 idan aka ninka ta a kanta sau 14 tana ba da 16,384. Wannan shi ne logaridim ɗin da ake koya muku a aji huɗu, wanda wasunku ke tambayar ina amfaninsa. Idan kowane gwaji yana cin awa ɗaya, aikin kwana biyu ne. Da ɗaya bayan ɗaya za a bi, ko ba a barci sai an kusa shekara biyu.

Amma dabarar tana da rauni guda, kuma babba ne. Duk ta dogara ne kan amsar gaskiya. Idan mutumin Jega bai ƙirga da kyau ba ya ce buhuna sun cika alhali an riga an yi asarar, yaron mota zai ƙare kwanakinsa yana nema a inda babu komai.

Hakan ta taɓa faruwa da manyan masana. A watan Nuwamban 2014, wani injiniya mai suna Dave Jones, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Red Hat, ya ba da rahoton cewa kwamfutarsa tana yawan sandarewa da zubin gwaji na huɗu na Linux 3.18. Jones shi ya rubuta wata manhaja mai suna Trinity, wadda aikinta shi ne ta riƙa jefa wa kanel umarnin shirme iri-iri ba ƙaƙƙautawa don a ga ko zai jure. An shiga raba hanya biyu, amma sakamakon ya riƙa nuna gyare-gyaren da hankali bai ɗauka su ne ba. Dalili kuwa, sandarewar ba ta da lokaci. Wani zubin zai yi awoyi da yawa yana aiki lafiya, a rubuta shi a mai kyau, alhali da an ƙara masa lokaci da ya tsaya. Daga baya ma aka gano cewa zubin 3.17, wanda ake ɗauka lafiyayye, shi ma yana yi. Torvalds da kansa ya shiga binciken, aka kwashe makonni. Ranar 7 ga Disamba, 2014 ya fitar da 3.18 ba tare da an warware matsalar ba, ganin cewa ba ta addabi jama'a da yawa ba. Can daga baya zargi ya koma kan wani agogon ƙidaya da ke jikin ita kwamfutar, wanda ake ganin Trinity ɗin ce da kanta take taɓa shi cikin shirmen da take jefawa. A ganinmu wannan labari ya fi na nasarori koyarwa, domin ya nuna cewa kafin a fara raba hanya, sai an fara nemo hanyar da za a sa na'urar ta sandare duk lokacin da aka so. Wanda bai samu wannan ba, dole ya ba kowane gwaji lokaci mai tsawo kafin ya ce lafiya.

Kada a gwada da kwamfutar Baba

Wani zai ce to bari in sauko da zubin gwaji yau in ɗora. A dakata tukuna. A 2008, zubin gwaji na Linux 2.6.27 ya lalata sashen jona intanet na kamfanin Intel a wasu kwamfutoci, ta yadda ko an koma tsohon kanel ba ya aiki. Da farko an zargi manhajar da ke tuƙa wannan sashe, daga baya aka gano cewa wani kayan bincike ne na cikin kanel yake rubutu a inda bai kamata ba. A watan Maris na 2021 kuma Torvalds ya gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da zubin gwaji na farko na 5.12, saboda wani kuskure da ke iya rubutu a kan fayilolin mutum ya lalata su. Don haka ba a gwaji da kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar makaranta, ko lissafin shagon gida, ko aikin yayanku da ke jami'a.

Abin da ya dace da ɗan sakandare shi ne ya fara da Linux ɗin da aka gama gwadawa, irin su Ubuntu ko Fedora. Ana iya ɗora shi a filas a kunna kwamfuta da shi ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba, idan an cire filas ɗin komai ya koma yadda yake. A nemi izinin malamin kwamfuta, a buɗe littafin kanel da umarnin dmesg, a jona linzamin kwamfuta ko waya a ga sababbin layukan da za su fito. Idan akwai tsohuwar kwamfutar da aka jingine a ofis ko ɗakin gwaji, wadda babu abin da za a yi kukan rasawa a cikinta, ita ce ta gwaji. Tsufanta ma riba ce, domin yawancin masu rubuta kanel sababbin na'urori ne a gabansu, kuma kuskuren da ke bayyana a tsohuwar na'ura kaɗai zai iya wuce su. Waɗanda ke da 'yan uwa masu karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, su roƙe su su nuna musu yadda ake harhaɗa kanel idan sun dawo hutu.

Rahoton da masu gyara ke so ba shi da tsawo. A faɗi irin kwamfutar, da zubin ƙarshe da ya yi aiki lafiya, da na farkon da ya sandare, da matakan da za a bi a sa ta sake yi, sannan a haɗa da layukan littafin kanel ko hoton fuskar. Idan an yi rabon hanya, a faɗi gyaran da ya nuna. Da Turanci ake rubutawa, amma ba a tambayar shekarun mai rahoto ko takardar shaidarsa. Idan aka gyara kuskuren, al'adarsu ce a rubuta sunan wanda ya kawo rahoton da na wanda ya gwada maganin a ƙasan bayanin gyaran, kuma wannan bayani yana zama a cikin Git tare da sauran tarihin Linux.